Sammani Mai Bin Makara

A ranin shekarar dubu biyu da shida aka tsaga ƙirjin Sammani aka canza masa wata ƙofa a zuciya. Likita ya ce ƙofar ce ta daina rufuwa, jini yana komawa baya. Sammani manomin rani ne a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, ya san ɓarnar da ƙofar kanal ɗin ban ruwa ke yi idan ta lalace, don haka bai nemi ƙarin bayani ba. Aka ɗaure ƙashin ƙirjin da waya, aka ɗinke.

Kafin a sallame shi, Malama Kubra mai koya wa majinyata motsa jiki ta kafa masa doka. Kada ya ɗauki abin da ya fi buta nauyi. In zai yi tari, ya rungume matashi. Sai kuma tafiya a ƙasa kullum, yau kaɗan, gobe a ƙara. In bai yi ba, huhu zai tara ruwa, ƙafafu su saki, fartanya kuwa sai dai ya gan ta a hannun wani. Maganar fartanyar nan ita ta tsaya masa a rai.

Sai dai Malama Kubra ba ta san mutanen garinsu ba. Ranar farko ya fito bakin kanal, bai yi taku talatin ba sai ga Isiyaku ɗan acaɓa ya ci burki, wai ina za shi. Sammani ya ce ba ko'ina. Isiyaku ya ce to ya hau ya kai shi. A ce mutumin da aka buɗe wa ƙirji yana takawa a ƙasa, gari cike da babura, ai an zagi gari. Ƙin hawa kuma raini ne. Haka ya hau, aka kai shi Kura aka dawo da shi, kowane rami yana ji a wayar ƙirjinsa. Washegari amalanke ce ta ɗauke shi. Rana ta uku motar tumatir ta sauke shi a Garun Mallam, inda bai san kowa ba. Cikin mako biyu ya yi yawon da bai taɓa yi ba, amma takunsa bai kai ɗari biyu ba. Ƙafafunsa suka fara kumbura, tsoro ya kama shi sosai.

Ana nan sai aka yi rasuwa a unguwa. Sammani ya bi makara har maƙabarta, ya huta sau biyar a hanya, kuma ko mutum ɗaya bai ce ya hau ba. Wa zai tsayar da babur a bayan gawa? Ya dawo gida da fara'ar da ta sa matarsa Saude ta yi masa kallon tuhuma.

Daga ranar ya zama ba a jana'iza babu shi. Ya fara da na kusa, ya koma na ƙauyukan da maƙabartarsu ke da nisa. Kumburi ya sace, numfashi ya ƙaru, mutane suka shiga yabon tsoron Allahnsa, har liman ya ba da misali da shi.

Sai mutuwa ta ɗauke ƙafa. Kwana goma sha ɗaya ko jariri ba a rasa ba. Sammani ya koma dubiya gida-gida, yana tambayar jiki da wata irin ƙwaƙƙwafi, in an ce da sauƙi ya yi hamdala a sanyaye. Haka ya isa wurin Baba Datti, tsohon da ya koya masa dasa albasa, wanda ya yi wata biyu a kwance.

Tsohon ya dube shi ya ce, "Sammani, jikina ka zo dubawa, ko hanyar maƙabarta?"

Kunya ta rufe shi, ya faɗi gaskiya duka. Baba Datti ya yi dariya har da tari, sannan ya ce a miƙo masa sandarsa.

"Kai ne ba ka isa ka ƙi hawa ba. Ni na isa."

Kullum da hantsi sai su fito bakin kanal, mara lafiya riƙe da mara lafiya. Duk babur ɗin da ya rage gudu, tsohon ya ɗaga sanda ya tambayi mai shi ɗan wane ne, ya faɗa masa abin da kakansa ya yi a shekarar fari. Cikin kwana uku babura suka koma bi ta ɗaya gefen ruwa.

Mako biyar suka yi a haka, ranar wata Laraba tsohon ya cika. Jama'a suna ta karɓa-karɓar makara, Sammani kuwa ba shi da izinin ɗauka, sai ya ɗora tafin hannunsa a gefenta, ya bi ta a haka. Sai da aka sauke a bakin kabari ya lura bai tsaya hutawa ko sau ɗaya ba. Ya warke ke nan. Ya nemi wanda zai gaya wa, ya duba ko'ina, ashe wanda yake nema shi ne a cikin makara, sai ya tsuguna ya fashe da kuka.