Jan Ƙyalle a Layi na Bakwai

Ni na ɗaure jan ƙyalle a bakin layi na bakwai na gonar inabina, jikata Urška kuma ta bi shi da kekenta.

Ciwon inabi ne ya jawo. Ganye ya yi rawaya ya nannaɗe tun lokaci bai yi ba, 'ya'yan suka motse a jiki. Malamin gona ya zo daga garin Ptuj ya duba, ya ce duk kurangar da ta kamu a sa mata alama, a tumɓuke ta bayan girbi. Ba sai ya koya mini ba. Haka ubana yake yi, kuma da jan ƙyalle, don shi ake hangowa cikin kore. Ranar Asabar da safe na ɗauki tsohon mayafin tebur na matata Štefka na yayyaga. Kuranga goma sha ɗaya na ɗaure wa, duk a layi na bakwai, daga sama har ƙasa. Na ƙara ɗaya a turken bakin layin, gefen hanyar kan tudu, don kada in sha wahalar nema.

Ranar ce kuma ranar tseren kekuna. Na sani sarai. Tun watan Yuli Urška take damuna da maganar. Ma'aikaciyar kantin magani ce a Maribor, shekararta ashirin da uku, duk ranar hutu tana kan keke mai ƙatuwar taya tana hawa tuddanmu na Haloze kamar akuya. Ta zo ranar da muka kafa klopotec, katakon nan da iska ke juyawa yana ƙwanƙwasa don korar tsuntsaye. Dedi take kirana, wato kaka a harshenmu. Tana riƙe mini igiya ta ce:

"Dedi, ka ba mu layi na bakwai mana. Shi ne mai faɗi, amalanke ma ta nan take bi a da. Minti ɗaya mun wuce."

"A'a."

"Saboda me?"

"Ja igiyar."

"Kai tsohon nan! Da za a matse ka tare da inabin, tsami kawai za ka fitar."

Na bar ta ta yi dariyarta. Dalilin ban faɗa mata ba. A watan Mayu an yi ruwan kwana huɗu, ƙasar gindin layin ta zabtare. Inda a da ake sauka a hankali zuwa hanyar rafi, yanzu rami ne mai zurfin tsayin mutum biyu, kuma daga sama ba a ganinsa. A wurinmu, in ƙasar mutum ta zabtare, cewa ake yi ya yi sake da magudanar ruwansa. Shekara hamsin ina gyara magudanata. A bazarar nan ciwon gwiwa ya hana ni. Štefka kaɗai ta sani, na kuma ce ta rufe bakinta.

Masu shirya tseren suka haƙura, suka mayar da hanyarsu ta kan tudu, ta saman gonata, ta zagaya bayan coci. Ranar Juma'a na gan su suna ɗaura jajayen ledoji a turaku don nuna wa mahaya hanya. Da idona na gani. Washegari na ɗaura nawa, ban haɗa biyun a raina ba.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya muna zaune a ƙofar bukkar gonata, ni da maƙwabcina Franček. Ya kawo burodi da naman alade, ni na kawo kwalbar giyar bara.

"Ba za ka tafa wa jikarka ba?" in ji shi.

"Ba ta da aikin yi, ni kuma ina da shi."

"Ai na ga aikin. Kofi na biyu ke nan."

Maza suka wuce da fari, ƙura na binsu. Bayan ɗan lokaci mata suka ɓullo ta gefen kurmi. Ta gaba tana da farar hular kwano da rawayar riga, ta ba na bayanta rata mai yawa. Urška ce. Franček ya miƙe yana ihu. Ni ban miƙe ba, amma na ajiye kofin.

Ta iso bakin layi na bakwai ta ɗan rage gudu. Ta waiwayo wajen bukka, ta ɗaga mini hannu sama. Sai ta karya kan keken ta shiga layin.

Na kira sunanta. Iska ta taso, klopotec na ta ƙwanƙwasa a kanmu, ni kaina ban ji muryata ba. Farar hular na gangarawa tsakanin ganye, tana wuce ƙyallayena ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ban ƙara ganinta ba.

"Franček, ruga bakin layin nan ka tsaya! Kada wata ta bi ta!"

"Me ya faru? Ai hanya ce..."

"Babu hanya! Ruga!"

Ya ruga. Ni na bi layi na shida na gangara. Gwiwar ta ɗauke ni taku ashirin ta ƙi. Na zauna a ƙasa na ja jiki, ina kama waya da turaku. Waya ta yanke mini tafin hannu, ban ji ba sai daga baya. Addu'a ɗaya na iya tun ina yaro, na fara ta na kasa kai ta ƙarshe. Abin da ke kaina shi ne fuskar ɗana Branko, mahaifinta, da yadda zan tsaya a gabansa in ce masa ni ne.

Keken na fara gani. Ya maƙale a wayar kuranga ta ƙarshe, tayar gaba ta lanƙwashe. Na rarrafa zuwa bakin ramin. Na daɗe kafin in leƙa.

Tana kwance rigingine a kan tarin rassan inabin da na sare, waɗanda na riƙa zubawa a ramin don kada masu wucewa ta rafi su gane. Idonta a buɗe, yana kallon sama. Ba ta motsi.

"Urška."

Idon ya juyo.

"Dedi," ta ce, "wane ne ya sace maka rabin gona?"

Na kifa goshina a ƙasa. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Ƙasar tana da ɗumi.

Na zagaya ta gefen da bai zabtare sosai ba na sauka wurinta. Hular kwanon ta tsage biyu. Hannun hagu ya karye a wuyan hannu, wannan ko ni na gani. Na ce ta motsa yatsun ƙafa. Ta motsa. Na ce ta sake. Ta sake.

"Sau nawa kake so? Rawa zan yi maka?"

"Yi shiru. Kada ki ɗaga kai."

"Na ga jan ƙyalle, na ce kai, tsoho ya sauko, ya buɗe mana layi bai faɗa ba, don kada a ce ya yi laushi. Har na ɗaga maka hannu. Ka gani?"

"Na gani."

"To na mene ne?"

"Na masu ciwo ne. Waɗanda za a tumɓuke."

Ta fara dariya, zafi ya tsayar da ita. Ta dube ni da kyau.

"Kuka kake yi?"

"Ƙasa ce ta shiga idona."

"Duka biyun?"

Na ce mata, "Magudanar ce ban gyara ba. Da na faɗa miki tun a Yuli." Ban taɓa faɗa wa ɗa ko jika irin wannan maganar ba. Ta miƙo hannun dama, na riƙe.

Franček ya tsare bakin layin har mahaya suka ƙare, sannan ya kira masu agaji. Motarsu ta biyo ta hanyar rafi. Mutum biyu ne, mace da namiji. Suka sa mata abin riƙe wuya, suka ɗaure hannun, suka haska idonta. Macen ta ce da alama bayan hannun babu wani abu, amma sai an ɗauki hoto a asibiti. Na sa ta maimaita. Kafin su gama, rabin ƙauye ya taru a hanyar rafi, kowa ya ɗaga kai yana kallon inda ƙasata ta zabtare. Na bar su su kalla. Štefka ta iso da garin fulawa a hannunta, ta yi alamar gicciye, ta sumbaci yarinyar, ta juyo kaina.

"Mayafin teburina ne wancan a jikin inabi?"

"Shi ne."

"Za mu yi magana, Lojze."

Suka ɗaga Urška suka sa a mota. Ban saki hannunta ba, don haka na shiga tare da ita, na zauna a ɗan bencin gefe. Wandona ya yage, hannuna na ɗiga jini a kan takalmina. Namijin ya leƙo, yaro mai ladabi.

"Baba, wurin ya yi ƙunci. Maƙwabcinka ya ce zai kawo ka a motarsa, kuna bayanmu."

"Dedi, ka sauka mana," in ji Urška. "Warin giya kake yi, za ka ba ni kunya a gaban likitoci."

Štefka ta kama bakin ƙofa ta ce, "Lojze, sauko ka bar mutane su yi aikinsu."

Na gyara zama.

"Ba zan sauka ba."