Ankon Balkissa

"Tsaya daidai mana, Balkissa, bar riƙe numfashi."

"Ban riƙe ba, Tanti Hajjo."

Na sake zagaya abin awo a ƙugunta. Ya ragu kuma. Karo na uku ke nan ina ja wa rigar nan sabon layin alli, kowane layi yana shigewa cikin na baya. Shekara ashirin ina ɗinki a unguwar Lamorde, ban taɓa ganin ƙugun da ke guje wa tela haka ba.

Balkissa maƙwabciyata ce, bango ɗaya ya raba shagona da ɗakin da take haya. Daga Dogondutsi ta zo karatu a jami'a, tana shekarar ƙarshe. Saura ta rubuta littafin bincikenta, ta tsaya gaban malamai ta kare shi, abin da ɗalibai ke kira sutunansi. Ita ce ta farko a zuriyarsu da ta kai nan, don haka innarta ta aiko mini da turmi shida na atamfa iri ɗaya da awon mata goma sha ɗaya, wai dukansu anko za su yi ranar.

"Ke ba ki cin abinci ne?" na ce. "Ko saurayi ne ke shanye ki?"

Ba ta yi dariya ba. Ta zauna bisa kujerar masu jira, ta dubi rigunan da na gama, guda bakwai a rataye.

"Tanti, don Allah ki rage wa keken nan gudu."

"Me keke ya yi miki?"

"Babu littafi. Wata takwas ban rubuta layi guda ba. Da na buɗe ordinater, kwamfutar da nake rubutu a kai, sai ƙirjina ya ƙulle, in kasa numfashi. Kullum ina fita da jaka don ku gani, in je bayan ɗakin karatu in zauna har azahar. In na dawo na ji kekenki ta bango, sai in ce yau ma an gama ta wata gwaggo."

Ni uwar surutu ce, duk layinmu sun shaida, amma ranar shirme ne ya fito daga bakina. Na ce ta yawaita addu'a, ta ci tuwo, kasala ce. Har yau ina jin kunyar wannan magana.

Wata mai kawo mini ɗinki, Khadija, ita ta gaya mini akwai wani ɗaki a jami'ar inda wata mata ke sauraren ɗaliban da damuwa ta danne. Na rufe shago na ja Balkissa muka tafi. Sai ga ƙofar tana kallon inuwar da ɗalibai ke taruwa, duk mai shiga a idon jama'a yake. Muna dab da ita wata ƙawarta ta ƙwalo kira, "Balkissa! Yaushe sutunansi? Kar ki manta da mu fa!" Balkissa ta ɗaga hannu, ta yi murmushi, ta wuce ƙofar kamar ba wurin muka zo ba.

Sati na gaba muka koma da sassafe, ta shiga. Ta yi kusan awa guda. Da ta fito idanunta sun kumbura, amma a hanya ta sayi ƙosai ta ci biyu. Matar, Madam Anisa, ta ce mata wannan ciwo ne mai suna da magani, ba lalaci ba ne, littafi kuma ana iya ɗage shi zuwa baɗi. Ta ba ta ranar Alhamis ta dawo, ta ce kafin nan a samu wanda zai sanar da gida, don kayan ya yi wa mutum ɗaya nauyi.

"Ba zan iya ba, Tanti. In na ji muryar Inna harshena ɗaurewa yake."

Na bugi ƙirji. "Bar mini. Ni zan gaya mata."

Bayan la'asar na kira, Balkissa na tsaye a bakin ƙofar shago tana murza bakin mayafinta.

"Hajjo! Kamar kin san ina nemanki," in ji innarta. "Ƙara mini riguna biyu, ƙannen babanta sun ce ba za a bar su ba. An kama rago, mun yi magana da mai mota. Garin nan kowa ya sani, har liman ya sa mata albarka. Ina ɗiyar tawa, tana ta fama da karatu ko?"

Na buɗe baki. Na dubi Balkissa, na dubi rigunan. Matar nan tana dariya a kunnena, dariyar wadda ta jira shekara ashirin da huɗu.

"Tana nan lafiya," na ce. "Ɗinki na tafiya."

Da na ajiye wayar babu kowa a bakin ƙofa. Na bi ta har ɗakinta, na ce gobe zan sake kira. Daga bayan labule ta ce, "Ba komai, Tanti. Kin ji dai yadda abin yake." Gobe ta zo ban kira ba, jibi ma haka, tsoro ya hana ni. Na daina taka keke da rana, na koma ɗinkin hannu don kar ta ji.

Abincin da nake miƙa mata yana dawowa yadda ya tafi. Ran Litinin zazzaɓi ya kama ta, muka kai ta asibiti. Likita ya ce zazzaɓin ba wani mai tsanani ba ne, jikin ne ya tarar babu abin da zai yi faɗa da shi. Ran Laraba da hantsi ta cika, saura kwana ɗaya ta koma wurin Madam Anisa.

Motar da aka yi magana da ita don biki, ita ta kawo innarta da dangi. Bayan addu'ar uku innarta ta shigo shagona, ta zauna a kujerar da ɗiyarta ta zauna.

"Hajjo, ta dai gama littafin kafin ta tafi?"

Na gaya mata duka, har da wayar da na yi mata ƙarya a ciki. Na so ta zage ni, da na ji sauƙi. Ta daɗe tana kallon rigunan.

"Da kin faɗa mini, da a ranar na hau mota na zo na ɗauki abata," ta ce a hankali. "Zane ne fa kawai, Hajjo."

Ba ta tafi da ko ɗaya ba. Sauran na naɗe su na sa a buhu. Ta Balkissa tana nan rataye bayan ƙofa, ban haɗa gefenta ba, layin alli uku na nan a ƙugun.