Baban Auta da Yaren Kilingon

Tun ranar da mijina ya kira yaren da 'yarmu Auta take koyo "kukan aljanu" a gaban ƙawayenta, ta daina yi masa magana in ban da gaisuwa. Kilingon ne sunan yaren, an ƙirƙire shi ne don wasu halittu na fim, ita kuwa ta ɗauke shi da zafi. Uba da 'ya taurin kai iri ɗaya, ni ce a tsakiya ina shan wahala.

Yau za ta tafi jami'a, can nesa. Akwatinta na bakin ƙofa, direba ya iso. Na san halinta sarai: in ta fita a haka, ko wayarsa ba za ta riƙa ɗauka ba.

Abin da ba ta sani ba, babanta ya daɗe yana kulle kansa a shagonsa na gyaran firij yana koyon yaren a waya. Maƙwabcinsa mai walda da ya ji yana ta kakarin furta kalmomin, har maganin tari ya kawo masa.

Ya tsaya a tsakiyar falo yana murza hularsa. Na zungure shi.

"Malam, ka yi magana mana, mota na jira."

Ya gyara murya, ya saki wata magana da yaren Kilingon daga can cikin maƙogwaro. Na ce a raina shi ke nan, za ta ɗauka ba'a yake mata.

Auta ta tsaya cak, hannunta a kan akwati. Direba ya danna hon. Ba wanda ya motsa.

"Wa ya koya maka?" ta tambaya, ba ta dube shi ba.

"Ni kaɗai. Ban yi daidai ba?"

"Ko kusa. Kalmomi biyu ka liƙa kamar guda ce. Akwai waɗanda a haɗe suke tun asali, waɗannan kuwa kowace zaman kanta take. Ba a liƙa su yadda aka ga dama, Baba."

Rabon da in ji ta jera masa magana haka, na manta. Hawaye suka cika min ido, shi kuwa ya sunkuyar da kai, a zatonsa ya ɓata komai.

Hon ya sake tashi.

"Mama, ce wa direba ya jira," in ji ta. Ta kwantar da akwatin, ta zauna a kai, ta ɗago ta dubi babanta. "Sake faɗa. A hankali."