Mai Tsayuwa a Ƙofar Elspeth

Yayana Wattie rainon itatuwa ne sana'arsa. Shekarar da zai rasu ya dawo daga daji da wani ɗan reshen bishiyar bic a aljihu, baki har kunne. Bic ɗin da muka sani baje rassa take yi. Wannan kuwa, in ji shi, rassanta sama suke miƙewa, manne da jikinta, kamar mutum ya ƙame.

Matarsa Elspeth ta ce, "To ka shuka ƙwayarta mana."

"Ke dai! Ƙwaya ba ta gadon wannan tsayuwar. Sai dai aure."

Ya aura reshen a kan wata ƙaramar bic da ke bakin ƙofar lambu, ta gaban gida. Bai ga tohonta ba. Ciwon huhu ya ɗauke shi tun dusar ƙanƙara ba ta narke ba.

Auren ya kama. Cikin 'yan shekaru bishiyar ta kai tsawon namiji, siririya, ɓawonta sumul ruwan toka. In sanyi ya shigo sai ganyenta ya bushe ya yi ja, amma ba ya zuba.

Wata Lahadi da la'asar na je wurin Elspeth shan shayi. Babu iska ko kaɗan, hayaƙin gidan maƙwabta ma a miƙe yake tashi. Sai na ji ƙaras, ƙaras, kamar takalmi a kan tsakuwa.

Na ce, "Kin yi baƙo."

"Ba baƙo ba ne. Kullum war haka yake zuwa ya tsaya. Bai taɓa shigowa ba."

Na leƙa ta taga. Ba kowa sai bishiyar, ganyenta na motsi.

"Haba Elspeth, ganye ne fa."

"To Morag, tunda ganye ne, ajiye kofin nan kafin ki ƙona kanki."

Sai a lokacin na ga shayin na zuba a cinyata.

A watan Janairun bara guguwa ta karya bishiyar daidai wurin auren. Da sanyi ya wuce kututturen ya yi toho, rassan suka baje ta ko'ina. Elspeth ta daɗe tsaye a kansa, sannan ta ce, "Wannan ba shi ba ne."

Makon bai ƙare ba ta tattara kayanta ta koma wurin 'yarta a bakin teku. Ta bar mini makulli in riƙa buɗe tagogi gidan ya sha iska. Da safe nake zuwa, kuma ta ƙofar baya.