Waɗanda Aka Haifa Ɗaya ga Janairu

Tsohuwar ta riga ni zuwa biro, wato ofishinmu, ranar Litinin. Na same ta zaune a bakin ƙofa, ta riƙe wata takarda cikin leda da hannu biyu. Sunanta A'i, daga Kore Mairuwa ta shigo motar safe. Ɗanta Idi yana cikin samarin da suka nemi shiga horon da ƙungiyarmu ke bayarwa a nan Dogon Dutsi, na haɗa sola da gyaran famfon rijiya, wata tara, ci da kwana kyauta. Ran Juma'a saƙo ya shiga wayar salularsa cewa shekarunsa sun wuce.

Sharaɗin a fili yake, duk wanda aka haifa kafin shekarar 2000 ba ya ciki. Na kunna ordinatar, wato kwamfuta, ina shirya haƙurin da muka saba bayarwa, na ga an rubuta wa Idi 31 ga Disamba, 1999. Ta miƙo takardar haihuwarsa. Ɗaya ga Janairu, 2000, ga hatimi ga sa hannu. 

Sunana Luƙman, ni kaɗai ke kula da manhajar da ke tace masu neman shiga. Ran Alhamis na ɗaga ginshiƙin da aka gina ta a kai daga siga ta uku zuwa ta biyar, tsalle guda, domin an daina toshe wa tsohuwar sigar ɓaraka. Bayanin canje-canjen ya yi tsawon titin Dosso, na karanta rabi na tsallake rabi. Duk abin da ya yi kuka na gyara shi, wanda ya yi shiru na ɗauka lafiya ce. Shugabarmu Madam Balki ta ce in bari sai an gama tacewa, na ce mata ko ɗigon matsala ba za a samu ba. Da bakin nan nawa na faɗa.

Na buɗe fayil ɗin saiti, ban yi minti goma ba na gano. Layi ɗaya ne, na agogo. Sabuwar sigar da agogon duniya take lissafi in ba ka gaya mata inda kake ba, mu kuwa muna gabansa da awa guda. Manhajar tana ajiye ranar haihuwa da ƙarfe sha biyun dare, to in aka ja awa guda baya, sai mutum ya faɗa jiya. Ga ɗan gari da aka haifa a asibiti ran sha biyar ga wata, wannan ba komai ba ne. Amma a ƙauye ba a rugawa mairi, ofishin magajin gari, neman takarda ranar suna, sai lakwal ta tambaya in za a sa yaro karatu, a je a faɗi shekara, magatakarda ya rubuta ɗaya ga Janairu. Rabin ajinmu ranar suka zo duniya, har muna tsokanarsu cewa ungozoma ta sha wahala. Na san wannan tun ina yaro, amma ban tuna ba ran Alhamis. Samari tara na tsofar da shekara guda, dukansu ƴan ƙauye.

Ƙarfe goma daidai ke nan. Na leƙa na ce wa A'i ana dubawa. Ta ce Idi ya rantse in ba a ɗauke shi ba zai bi abokansa arewa, ramin zinariya, inda ɗan maƙwabcinta ya tafi bara aka dawo da jakarsa kaɗai. Ta ce amma ya yi mata alkawarin zai jira ta koma.

Wannan alkawarin na jingina da shi, Allah ya yafe mini. Maimakon in shiga wurin Madam ko in kira yaron, sai na rufe ƙofa. Na rubuta agogon Yamai a layin, na sake tayar da manhajar, na sake tacewa, sunaye tara suka dawo. Duk wannan bai ci minti ashirin ba. Sauran lokacin zama na yi ina jujjuya yadda zan ɗora laifin a kan rezon sadarwa ko wutar da aka ɗauke. Tsoro nake ji, da kunya, kuma kunyar ta fi yawa. Ta taga ina hango tsohuwar ta ja jiki zuwa inuwar itacen bedi, ko ruwa ban ba ta ba.

Sha ɗaya da kwata na shiga na faɗa wa Madam gaskiya, don ƙaryar ta ƙi haɗuwa. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce maganar gurbi tata ce, ko tabarma za a ƙara a ɗakin kwana, ni in kira su ɗaya bayan ɗaya, yanzu.

Sai a kira na uku Idi ya ɗauka. Ƙarar iska da injin mota na fara ji. Na gaya masa kuskure ne, an ɗauke shi, ya zo ran Laraba.

"Malam, ni na tahi," ya ce. "Inna na hita munka shiga mota. In na tsaya ta komo, kuka za ta yi min."

Na ce ya sauka a gari na gaba, ni zan zo da babur in ɗauko shi. Na ce takardarsa daidai take, laifina ne.

"Ran Juma'a kun ce a'a, yau kun ce i. Gobe mi za ku ce? Na yi bankwana da kowa, in koma in ce musu mi?" Sannan ya ƙara a hankali. "Mun ma daɗe nan tashar Dutsi ana lodi, har sha ɗaya. Ina ta dubin salula ko Inna ta samu wata magana."

Tashar ba ta kai tafiyar minti biyar daga bironmu ba. Na kira sunansa, layin ya yanke, na sake kira na ji a kashe.

A'i ta riga ta taso tana tsaye a ƙofa, ta ji na ambaci ɗanta. Fuskarta a sake, ta tambaya ko an gyara. Na ce an gyara, Inna.

"Alhamdu lillahi. To bari in yi hanzari in iske mota, shina gida shina jirana."