Shirun da Ya Kashe Gurbin Marke

Gurbin Marke ya mutu a shekarar Udoji, wadda aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kuma abin da ya kashe shi bai wuce shirun da Iliyasu Sarkin Ruwa ya yi a zauren surukinsa ba.

Kogin da ya ratsa ƙauyensu, can tsakanin Kiyako da Gwaram, yashi yake komawa da rani. Gurbin nan kaɗai ke riƙe ruwa, nan duk kifin kogin ke taruwa ya jira damina. Dokarsa tun kakanni ba ta da yawa. Daga an gama girbi ba mai jefa ko ƙugiya sai ranar su, wato ranar kamun kifi na gayya, wadda Sarkin Ruwa ke sawa. Ranar ma kowa gora ɗaya zai cika ya fito. Mai ƙwai a mayar, wanda bai kai tafin hannu ba a mayar. A kan dokar nan Iliyasu ya taɓa ƙwace komar kamun kifin ƙanensa Sabo, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ƙona ta a gaban jama'a.

To, amma Alhaji Maikuɗi ba ƙane ba ne, uban Kubra ne, matar Iliyasu. Ya samu kwangilar kwalbati a Birnin Kudu, ya gina gidan bulo, yana son ya ciyar da baƙinsa na Kano ranar tarewa. Da hantsi ya aika aka kira Iliyasu. Iliyasu ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya tsuguna a bakin ƙofa, kai a ƙasa, yadda ake yi wa suruki.

Alhaji ya ce, "Sarkin Ruwa, kifi nake so. Kwando ɗaya tak, na baƙi. Ko shi ma sai na kai takarda ofishin En'e?"

'Yan zaure suka bushe da dariya. Amsar tana bakin Iliyasu. Amma tun da ya auri Kubra bai taɓa haɗa ido da mutumin nan ba, ko ruwa bai taɓa sha a gabansa ba, balle ya ce masa a'a cikin mutane. Ya ci gaba da kallon tabarma.

"To madalla, ya yarda," in ji Alhaji. "Allah ya yi albarka."

Da ya koma gida ya ce wa Kubra ta je ta gaya wa uwarta, uwar ta gaya wa Alhaji abin ba zai yiwu ba. Ta nan ake aika wa suruki magana.

Kubra ta ce, "Kai da ka ƙona komar Sabo ido na ganin ido, yau ni za ka tura? Bari dai in sauke tuwo."

Sai bayan la'asar ta tafi. Uwar ta ce Alhaji ya gaji, a bari sai gobe.

Leburorin Alhaji ba masunta ba ne, ba su iya jefa ragar birgi ba. Da sassafe suka je da galan na maganin ƙwarin auduga suka tuttula a gurbin. Kafin Iliyasu ya iso, ruwan ya yi fari fat da cikin kifi. Tarwaɗa, karfasa, kurungu, manya da 'ya'ya, har kwaɗi. Leburorin suka cika kwandonsu ɗaya, ba su ƙara ko guda ba, suka bar wa rana sauran. Baƙi suka ci suka yaba.

Da wari ya hana matan ƙauyen zuwa ɗiban ruwa, dagaci ya tara mutane. Alhaji yana kan kujera kusa da shi.

Dagaci ya ce, "Iliyasu, kai ka ba da izini?"

"Ranka ya daɗe, ban ce e ba."

"Ka ce a'a?"

Iliyasu ya dubi takalman Alhaji, ya mai da kai ƙasa.

Sabo ya ɗaga murya daga baya. "Ku tambaye shi a ruwa mana! A can kawai yake da baki!"

Ba wanda ya tambayi Alhaji komai. Aka tuɓe Iliyasu, ba a kuma naɗa wani ba, don babu abin da za a tsare. Damina ta zo, kogi ya cika ya janye, ranar su aka shiga da koma aka fito da taɓo. Shekarar da ta biyo ma haka. Masu ƙarfi suka ɗauki gorunansu suka yi Haɗeja, Sabo a cikinsu, bai yi wa yayansa sallama ba.

Iliyasu bai san noma ba, bai iya ciniki ba. Ya ari shebur ya shiga cikin masu loda wa tifa yashi, tare da sa'annin 'ya'yansa. Nan bayansa ya tanƙware. A masallaci kuwa, har ya mutu, in ya miƙa hannu a gaisa, mutanen unguwar masunta sai su kai nasu hannun ga gyara hula.