Tsifar Sanda

A Dayi, in aka wanke mutum tas da faɗa a kan aikinsa, sai ka ji an ce, "Wane ya sha tsifar Sanda." Baƙo ya ji sai ya tausaya wa wane, don bai san asalin maganar ba.

Tun ana ciniki da kuɗin wuri, fatake na kora jakuna zuwa Kano, aka yi wani tsohon masaƙi, Sanda, mai baki kamar barkono. Duk mai son gurbi a rumfar masaƙa sai ya kai masa gwadon da ya fara saƙawa. In Sanda ya shafa ya ce "Madalla," to, koma gona, aikinka bai kai a ɓata masa yawu ba. In ko ya zaro tsinke ya hau tsefe saƙar yana faɗa, an karɓe ka.

Saboda gurbin nan Aƙilu ya baro Tsiga tare da matarsa Hajo. Rani uku yana koyo, ita tana kaɗa masa zare. Ran nan da hantsi ya durƙusa ya miƙa gwadonsa.

Sanda ya shafa, ya gyaɗa kai, ya fara ninkewa. Masaƙa suka sunkuyar da kai don tausayi. Aƙilu har ya hango hanyar Tsiga da dariyar 'yan'uwansa. Sai babban yatsan tsohon ya tsaya a gefen gwadon.

"Wa ya saƙa wannan gefe?"

"Ni ne, Baba."

"Da hannu ko da ƙafa?" Ya zaro tsinke. "Dubi nan, kaza ma ta wuce ta wannan kafa. Zare mai kyau haka, Allah ya saka wa wadda ta kaɗa shi. Ko jaki aka yafa wa wannan, sai ya kai ƙara gun alƙali."

Faɗa dai har azahar. Aƙilu na durƙushe yana danne murmushi, daɗi kamar ya kashe shi. Daga ƙarshe Sanda ya jefa masa gwadon. "Gobe ka zauna nan kusa da ni, inda idona zai kai."

A ƙofar gida ya tarar da Hajo, ko girki ba ta ɗora ba.

"Maigida, yaya?"

Ya ɗaga gwadon, zare na reto. "Ya tsefe shi, Hajo, har kamu biyu. Ya ce ko jaki ba zai yafa ba."

Hajo ta kama hanci ta rangaɗa guɗa.